Idan Suna Ɗaya Bai Isa Ba: Neman Bayani a Jadawalin Excel da Sharaɗi Fiye da Ɗaya



 

Batun da aka ɗora mini a wannan lacca shi ne yadda ake zaƙulo bayani daga jadawalin lissafi na kwamfuta, irin su Excel da Google Sheets da WPS, idan abin da ake nema ba a iya gane shi da alama guda sai an haɗa biyu ko uku. Wani zai ce wannan ai ƙaramin abu ne, fomula ce kawai a rubuta a allo kowa ya kwafa ya tafi. Zan rubuta fomulolin, in sha Allahu. Amma da irin wannan jadawali ake biyan albashi, da shi ake fitar da makin jarrabawa, da shi ake raba taki da tallafi. Idan ya ɗauko layin da ba shi ba, haƙƙin wani ne ya shiga aljihun wani, kuma kwamfuta ba za ta yi ko tari ba.

Batu na farko: daga ina matsalar take tasowa?

Jadawalin lissafi na kwamfuta ya girmi da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a nan. VisiCalc, wanda Dan Bricklin da Bob Frankston suka ƙirƙiro a Amurka, ya fito a 1979. Lotus 1-2-3 ya biyo baya a 1983, Excel kuma ya fito a 1985. Tun daga waɗancan shekaru hanyar neman bayani da aka fi sabawa da ita an gina ta ne a kan zato guda: cewa kowane layi yana da suna ko lamba tasa shi kaɗai. Wannan ita ce VLOOKUP, wadda na san galibinku kun iya. Ka ba ta suna, ta gangara ginshiƙin farko na jadawalin, da ta ci karo da sunan sai ta tsaya, ta miƙo maka abin da ke gefensa.

Ku lura da wannan: da ta ci karo da shi sai ta tsaya. Kamar ka aiki yaro masallacin Juma'a ne ka ce ya kira maka Malam Musa. Malam Musa na farko da ya amsa shi zai kawo maka, ba zai zaga sahu ya duba ko akwai wasu Musan ba, kuma shi a ganinsa ya cika aike.

To a ina ne suna yake zama na mutum ɗaya tak a ƙasar nan? Malaman makaranta da ke cikinmu, a aji nawa ne ba za a samu Aisha biyu ko Abubakar uku ba, wani lokaci har sunan uba ya zo ɗaya? Mu bar mutane, mu ɗauki ƙananan hukumomi. Nijeriya tana da 774, kuma akwai sunayen da suka maimaitu. Akwai Nasarawa a jihar Kano, akwai Nasarawa a jihar Nasarawa. Akwai Bassa a Filato, akwai Bassa a Kogi. Akwai Obi a Binuwai da Nasarawa, Surulere a Legas da Oyo, sannan Ifelodun da Irepodun kowacce tana Kwara tana kuma Osun. Duk wanda ya ɗauki jerin ƙananan hukumomin ƙasar ya nemi yawan jama'a ko kason kuɗi da sunan ƙaramar hukuma kaɗai, to adadin Bassan da ta fara zuwa a jerin ne zai sauka a kan Bassa biyun. Babu jan rubutu, babu gargaɗi. Lamba ce za ta fito tsaf, mai kama da gaskiya. Maganin shi ne a ce jiha kaza da ƙaramar hukuma kaza, sharaɗi biyu. Wannan shi ne gundarin laccar yau.

Don mu riƙa magana a kan abu guda, ga misalin da za mu yi aiki da shi. Mu ƙaddara wani ɗan kasuwa yana rubuta farashin hatsi. Ginshiƙin A sunan kasuwa ne: Dawanau, Maigatari, Funtuwa. Ginshiƙin B nau'in hatsi: masara, gero, dawa, wake. Ginshiƙin C wata. Ginshiƙin D farashin buhu. Bayanan sun kama daga layi na 2 zuwa na 500. Tambayarsa ita ce: nawa buhun gero ya kai a Dawanau a watan Maris? Ya rubuta Dawanau a akwatin G1, gero a G2, Maris a G3. Sharaɗi uku, amsa ɗaya.

Batu na biyu: ginshiƙin taimako

Hanya mafi sauƙi ita ce ka ƙera wa kowane layi sunan da babu mai irinsa. Ka samu ginshiƙi guda da ba kowa a ciki, mu ce E, ka manne sharuɗɗan uku wuri ɗaya:

=A2&"|"&B2&"|"&C2

Sai ka ja ta har ƙasa. Layin da muke nema zai zama Dawanau|gero|Maris. Daga nan nema ya koma na sharaɗi ɗaya, sai dai ka tuna VLOOKUP ba ta waiwaya hagu, don haka idan da ita za ka yi aiki, dole wannan sabon ginshiƙi ya zauna a farkon jadawalin.

Wannan 'yar sanda da na saka tsakanin kalmomin tana da aiki. Ɗauki makaranta: aji 1, ɗalibi mai lamba 12, idan ka manne su babu tsakani za ka samu 112. Aji 11, ɗalibi mai lamba 2, shi ma 112. Ka ga ka koma gidan jiya, mutum biyu da suna ɗaya.

Na san akwai ƙwararrun da ke raina wannan hanya, suna ganin ta 'yan koyo ce. Ni ban yarda ba. A ofishin da mutum huɗu ko biyar suke taɓa fayil ɗaya, ginshiƙin taimako ya fi doguwar fomula amfani, domin kowa yana ganin mabuɗin da idonsa. Ranar da wanda ya gina jadawalin ya tafi hutu ko aka yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi zai iya bin sawu. Kuma tana aiki a kowane tsohon Excel.

Batu na uku: INDEX da MATCH, da lissafin ɗaya da sifili

A nan zan ɗan daɗe, domin wanda ya fahimci wannan ya fahimci sauran.

Aikin MATCH shi ne ta gaya maka a layi na nawa abu yake. Aikin INDEX shi ne ka ba ta lambar layi ta miƙo maka abin da ke wurin. Ɗaya tana nuna wuri, ɗaya tana ɗaukowa. Ga yadda ake haɗa su da sharuɗɗanmu uku:

=INDEX(D2:D500, MATCH(1, (A2:A500=G1)*(B2:B500=G2)*(C2:C500=G3), 0))

Kada tsawonta ya tsorata kowa. Mu warware ta daga ciki. Baka ta farko, A2:A500=G1, tambaya ce da ake yi wa kowane layi: kasuwarka Dawanau ce? Kowane layi zai amsa e ko a'a. Idan aka shigar da waɗannan amsoshi cikin lissafi, Excel tana ɗaukar e a matsayin 1, a'a kuma 0. Baka ta biyu tana tambayar hatsi, ta uku tana tambayar wata. Alamar tauraro da ke tsakaninsu ninkawa ce.

Yanzu mu bi layi uku da hannu. Layin Dawanau, masara, Maris: 1 sau 0 sau 1, ya ba da 0. Layin Maigatari, gero, Maris: 0 sau 1 sau 1, ya ba da 0. Layin Dawanau, gero, Maris: 1 sau 1 sau 1, ya ba da 1. Kun gani? Sifili guda ya isa ya kashe layi. Wanda ya cika sharuɗɗan duka shi kaɗai zai fito da 1. Shi ya sa muka ce wa MATCH ta nemo mana 1. Sifilin da ke can ƙarshen fomular kuwa umarni ne cewa daidai-wa-daida muke so, ba mafi kusa ba. Kada ku taɓa mantawa da shi, a MATCH ko a VLOOKUP, domin idan aka tsallake gurbin gaba ɗaya, dukansu biyu suna komawa neman mafi kusa, su ɗauka jerin a tsare yake daga ƙarami zuwa babba, su kawo maka abin da ba ka tambaya ba.

Wani zai tambaya: idan gero ko dawa nake so, kowanne ya samu? Sai ka yi amfani da tarawa a maimakon ninkawa a wannan gaɓar, ka rufe su a baka guda: ((B2:B500="gero")+(B2:B500="dawa")). Ninkawa tana nufin wannan da wancan, tarawa tana nufin wannan ko wancan. Haka kuma sharaɗi ba dole ya zama daidaito ba. Kana iya cewa kwanan wata ya kai kaza, ko maki ya haura kaza, da alamar fi ko ta gaza.

Abubuwa uku ke yawan kayar da mutane a wannan fomula. Na ɗaya, a Excel 2019 da waɗanda suka gabace shi, ba Enter kaɗai ake dannawa ba, sai an haɗa Ctrl da Shift da Enter lokaci guda, sannan za ka ga wasu lanƙwasassun baka sun kewaye fomular da kansu. A Excel 2021 da Microsoft 365 an huta da wannan. Na biyu, dole tsawon ginshiƙan ya zo ɗaya. Idan ɗaya ya tsaya a 500 wani ya kai 600, ko ɗaya ya fara daga layi na 1 wani daga na 2, ko dai ta ƙi aiki ko ta zame da layi guda, wanda shi ya fi muni. Na uku, idan za ka ja fomular ƙasa, ka ɗaure ginshiƙan da alamar dala, $A$2:$A$500, maɓallin F4 yana yi maka wannan. In ba haka ba, duk layin da ka sauka iyakar neman ma tana sauka tare da kai, bayanan sama suna zubewa ba ka sani ba.

Batu na huɗu: XLOOKUP da FILTER

Kamfanin Microsoft ya sanar da XLOOKUP a 2019. Da ita aikin INDEX da MATCH ya dunƙule wuri ɗaya:

=XLOOKUP(1, (A2:A500=G1)*(B2:B500=G2)*(C2:C500=G3), D2:D500, "babu")

Cikinta lissafin ɗaya da sifilin nan ne da muka gama. Daɗinta shi ne daidai-wa-daida take nema tun asali, tana duba hagu da dama, tana barinka ka rubuta abin da za ta ce idan ba ta samu ba, kuma ana iya sa ta fara nema daga ƙasa, abin da ke da amfani ga mai son farashin da aka shigar na baya-bayan nan.

Sai dai kafin ka gina aikin ofis a kanta, ka tambayi kanka: wace kwamfuta ce za ta buɗe fayil ɗin nan gobe? XLOOKUP ba ta cikin Excel 2016, ba ta cikin 2019. Ka aika wa wanda ke da tsohon Excel, da zarar jadawalin ya sake lissafi sai ya ga #NAME? a inda amsa take. Mu da muka san irin kwamfutocin da ke ofisoshinmu da shagunan buga takardu, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Google Sheets ya samu XLOOKUP a 2022. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke aiki da Excel na Faransanci kuwa, sunayen ne suka sauya: VLOOKUP ita ce RECHERCHEV, MATCH ita ce EQUIV, XLOOKUP ita ce RECHERCHEX, kuma da waƙafi mai ɗigo suke raba sassan fomula. Fayil ɗin da kansa yana buɗewa a ko'ina, Excel tana juya sunayen. Wanda ya kwafi fomula daga takarda ko daga saƙon waya ne zai gamu da cikas.

FILTER kuma, wadda ita ma ba ta cikin tsohon Excel, ba ta tsayawa a na farko. Duk layin da ya cika sharuɗɗan sai ta zubo maka shi. Idan ɗan kasuwarmu yana son ganin farashin gero a Dawanau na kowane wata, ita ce abokiyar aikinsa.

Batu na biyar: SUMIFS, da tarkon da ke cikinta

Tun Excel 2007 akwai SUMIFS, kuma mutane da yawa da ita suke wannan aiki domin ta fi sauƙin rubutawa:

=SUMIFS(D2:D500, A2:A500, G1, B2:B500, G2, C2:C500, G3)

Tana da sauri, ba ta buƙatar Ctrl da Shift. Amma mai tarawa ce. Lambobi kawai take dawowa da su, ba ta iya kawo suna. Idan ba ta samu komai ba, 0 za ta rubuta, sai ka ɗauka ɗalibi ya ci sifili alhali makinsa ne ba a shigar ba. Idan kuma an shigar da layi sau biyu, sai ta tara su, buhun gero ya ninka kuɗinsa a kan takarda. In jimilla kake so, kamar yawan buhunan da aka sayar, babu kamarta. In farashi ko maki ko albashin mutum guda kake nema, ka yi hattara da ita.

Batu na shida: ƙidaya kafin ka nema

Wannan ne abin da ya fi damuna a duk laccar. Duk hanyoyin da na lissafa, in ban da FILTER, amsa ɗaya suke bayarwa ko da layi biyar ne suka cika sharuɗɗan. Ƙara sharaɗi yana rage haɗarin, amma wa ya tabbatar maka uku sun isa? Idan an ɗauki farashin gero a Dawanau sau huɗu a cikin Maris fa, kowane mako sau ɗaya? Fomularmu za ta kawo na makon farko ta yi shiru.

Don haka a gefen kowace fomular nema, ka ajiye wannan:

=COUNTIFS(A2:A500, G1, B2:B500, G2, C2:C500, G3)

Idan ta ce 1, amsarka tsayayya ce. Idan ta ce 0, babu layin, ko kuma rubutun bai zo ɗaya ba. Idan ta ce 2 ko fiye, dakata: ko an maimaita shigarwa, ko sharuɗɗanka ba su isa ba, sai ka ƙaro na huɗu. Minti ɗaya ake rubuta ta. Ina roƙon duk wanda ke riƙe da jadawalin albashi ko na jarrabawa ko na rabon kaya da kada ya miƙa wa shugabansa takarda sai ya ga wannan ginshiƙi ya cika da 1 daga sama har ƙasa.

A nan ne kuma nake da ja da yadda ake amfani da IFERROR. Mutum ya ga #N/A ya ɓata masa shafi, sai ya lulluɓe fomular da IFERROR ya ce ta rubuta 0 ko ta bar wurin fili. Shafi ya yi kyau. Amma #N/A ɗin nan jadawalin ne yake gaya maka akwai mutumin da bai samu ba. Ka toshe masa baki, wa zai gaya maka? Idan dole ne a rufe, a sa ta rubuta "a duba", yadda ido zai faɗa a kai.

Kuskuren da ba ya ƙara ba a ƙananan ofisoshi kaɗai yake ba. A Ingila, a watan Oktoba na 2020, hukumar lafiyar jama'a ta ƙasar ta bayyana cewa mutum 15,841 da gwaji ya nuna sun kamu da korona ba su shiga ƙididdiga a kan lokaci ba. Dalili shi ne an yi amfani da tsohon tsarin fayil na XLS, wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536, alhali sabon tsarin yana ɗaukar 1,048,576. Da fayil ya cika, sauran bayanan suka zube babu sanarwa, aka yi jinkirin bin sawun waɗanda suka yi cuɗanya da masu cutar. Ƙidaya mai sauƙi, nawa suka shigo nawa suka fita, da ta tona shi da wuri.

Batu na bakwai: idan fomula daidai take amma ta ce babu

Sau da yawa laifin yana cikin bayanan. Mu Hausawa muna da namu salon na musamman a nan. Wani ya rubuta Birnin Kebbi, wani B/Kebbi. Wani Tudun Wada, wani T/Wada. Nasarawa da s ɗaya, Nassarawa da s biyu. Dutsin-Ma da karan ɗori, Dutsinma a haɗe. Muhammad, Mohammed, Moh'd. Wani allon rubutunsa yana da ƙ da ɗ da ɓ, wani babu, sai Ɗanja ta zama Danja. A wurinmu duk abu ɗaya ne, a wurin kwamfuta kowanne daban. Babban baƙi da ƙarami ne kawai ba su dame ta ba a irin wannan nema: GERO da gero ɗaya ne.

Akwai kuma wanda ido ba ya gani. Mai shigar da bayani ya rubuta gero ya danna tazara guda a bayansa. Ka duba akwatin, gero ne. Ka tambayi LEN tsawonsa, sai ta ce 5 maimakon 4. TRIM tana share irin wannan, sai dai bayanan da aka kwafo daga intanet kan zo da wata tazara ta daban, mai lamba 160, wadda sai an cire ta da SUBSTITUTE.

Sai lambobi. Lambar asusun banki tana da alƙaluma 10, da yawa suna farawa da sifili, haka lambobin wayarmu. Ka shigar da su a matsayin lamba, Excel ta cinye sifilin farko. A wani jadawalin kuma an ajiye su a matsayin rubutu, sifilin yana nan. Ba za su taɓa haɗuwa ba. Alamar ganewa: rubutu yana jingina hagu a cikin akwati, lamba tana jingina dama, kuma sau da yawa za ka ga ɗan koren tabo a kusurwa. Duk lambar da ba za a tara ta ko a raba ta ba, ta asusu ce, ta waya ce, NIN ce ko BVN, a mayar da ginshiƙinta na rubutu tun kafin a fara shigarwa. Kwanan wata ma haka: kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka tana karanta 3/4 a matsayin 4 ga Maris, mu kuwa 3 ga Afrilu muke nufi.

Mafi yawan wannan wahala ana kashe ta tun daga bakin ƙofa. A Excel akwai Data Validation, inda za ka tsara jerin zaɓi, mai shigar da bayani ya zaɓi kasuwa ko jiha daga ciki maimakon ya rubuta da hannu. Kuma inda hali ya yi, a ba kowane ɗalibi, kowane ma'aikaci, kowane manomi lamba tasa da ba ta sauyawa. Wanda ya yi haka, yawancin nemansa zai koma na sharaɗi ɗaya ko biyu.

Na ga lokaci ya ja, a nan zan dakata.   Wanda ya zo da kwamfutarsa ko yake da jadawalin da ya ƙi ba shi amsa a waya, ya matso da shi mu duba tare, a rufe sunayen mutane kafin a haska a allo. Bismillah, wa zai fara tambaya?